Rim Ɗin Ƙarfe Ko Na Alminiyam: Shawara Ga Mai Tsohuwar Mota

Kowace shekara, idan aka yaye ɗalibai daga jami'a suka kuma gama aikin bautar ƙasa, waɗanda Allah ya ci da su da aikin gwamnati sukan fara tunanin abin hawa. Maganar sabuwar mota ba ta ma taso ba, domin albashin ƙaramin ma'aikaci bai kai nan ba. Abin da hannu yake kaiwa shi ne tsohuwar Golf ko Corolla ko Peugeot 406 wadda ta gama shan wuya a Turai kafin ta sauka a tashar jirgin ruwa, ko kuwa 504 da mahaifi ya bar wa ɗansa bayan ya yi ritaya. Kafin motar ta yi mako biyu a ƙofar ofis, sai abokai su taru su dube ta daga sama har ƙasa, sa'an nan ɗaya ya ce, "Malam, mota ta yi, amma wannan baƙin rim bai dace da mai digiri ba. Ka sa mata aloyi." Daga nan fa hankalin saurayi ya tashi, ya fara lissafin yadda zai ci bashin ƙungiyar ma'aikata.

Mu dai ra'ayinmu shi ne, wanda yake da tsohuwar mota, kuma albashinsa ƙidayayye ne, kuma hanyoyin ƙasar nan zai bi, ya riƙe rim ɗinsa na ƙarfe. Za mu kawo dalilanmu ɗaya bayan ɗaya, kuma ba za mu ɓoye inda masu son alminiyam suke da gaskiya ba, domin suna da ita a wurare da dama.

Ya kamata mu fara da sanin abin da ake gardama a kansa. Rim shi ne da'irar da ake ɗora taya a kanta, wadda ake ɗaurewa a jikin mota da noti huɗu ko biyar. Na ƙarfe ana yin sa ne daga fallen baƙin ƙarfe: a lanƙwasa wani ya zama zobe, a danna wani a inji ya zama faifan tsakiya, sa'an nan a haɗe su da walda. Na alminiyam kuwa, wanda 'yan kasuwa suke kira aloyi, galibi narka shi ake yi a zuba a mazubi, kamar dai yadda maƙeranmu suke zuba tukwanen sanholo, sai dai ana gauraya shi da sinadarin silikon domin ya zubu da kyau, kana a gasa shi a wani ƙayyadadden zafi domin ya yi ƙwari. Akwai wani nau'i da ake matse shi da babban inji maimakon zubawa, wanda ya fi ƙarfi kuma ya fi rashin nauyi, amma tsadarsa ta sa ba shi ne ake tallatawa ƙaramin ma'aikaci ba. Abin kuma ba sabo ba ne. Tun shekarar 1924 kamfanin Bugatti na Faransa ya sa wa motarsa ta tsere rim ɗin alminiyam na zubi. Watau a filin tsere aka haife shi, inda rage ɗan nauyi yake raba na ɗaya da na biyu, kuma inda babu wanda yake tambayar kuɗinsa.

To, mene ne hujjar masu yabonsa? Ta farko ita ce rashin nauyi. Gaskiya ne, idan aka yanko ƙarfe da alminiyam masu girma ɗaya, nauyin alminiyam kusan kashi ɗaya ne cikin uku na ƙarfen. Rage nauyi a ƙafar mota kuwa yana da amfani na musamman, domin rim da taya da birki ba a bisa sifirin suke zaune ba. Su ne suke tsalle sama da ƙasa duk sa'ad da aka taka gargada, kuma idan ba su da nauyi sosai, sifirin da shokazoba sun fi samun sauƙin mai da taya ƙasa ta kama hanya. Hujja ta biyu ita ce alminiyam yana ɗauke zafi da sauri fiye da ƙarfe, kuma tagoginsa sun fi faɗi, saboda haka iska tana ratsawa ta huce birki. Ta uku, ba ya yin jan tsatsa irin na ƙarfe. Ta huɗu, wadda ita ce ta gaskiya a zuciyar mafi yawan masu saye, yana da kyan gani. Duk waɗannan mun yarda da su. Abin tambaya shi ne ko suna aiki a kan motarka da hanyarka da aljihunka.

Mu ɗauki maganar nauyi. Abin da dillali ba zai gaya maka ba shi ne, kamar yadda alminiyam yake da sulusin nauyin ƙarfe, haka nan taurinsa wajen ƙin lanƙwasa ma kusan sulusin na ƙarfe ne. Saboda haka dole mai ƙera shi ya ƙara masa kauri ƙwarai kafin ya iya ɗaukar mota. Idan aka gama, bambancin nauyi tsakanin rim ɗin ƙarfe da na alminiyam na zubi masu girma ɗaya yakan zama kaɗan ne, wani lokaci ma a tarar babu shi. Ga shi kuma mai sayen aloyi ba ya tsayawa a girman da motarsa ta zo da shi. Mai inci 14 sai ya koma 16 ko 17, da faffaɗar taya, a ƙarshe ƙafar motar ta fi da nauyi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kowa yake neman dabarar rage shan mai, kuma mun sha jin ana cewa aloyi yana ragewa. Wanda yake son ya rage shan mai da gaske, ya auna iskar tayarsa kowane mako, ya sa a duba masa fulogi da matatar iska, ya kwashe tarkacen da ke cikin but. Waɗannan duka sun fi canza rim tasiri, kuɗinsu kuwa bai taka kara ya karya ba.

Maganar zafin birki ma haka take. Tana da muhimmanci ga mai tsere, wanda yake taka birki da ƙarfi sau ɗaruruwa cikin sa'a guda. Ma'aikacin da yake zirga-zirga tsakanin gida da sakatariya bai kusanci wannan hali ba. Ko a doguwar gangara irin ta Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga, abin da yake kare birki daga ƙonewa shi ne direba ya sauko da giya ƙasa ya bar inji ya riƙe motar, ga kuma man birki mai kyau. Direban da ya kwanta a kan birki tun daga saman tudu, babu irin rim ɗin da zai cece shi.

Yanzu mu zo kan babban dalilinmu, watau abin da yake faruwa sa'ad da ƙafar mota ta faɗa rami. Kowa a cikinmu ya san irin ramukan da damina take bari, masu kaifin baki, waɗanda ruwa yake rufewa ko dare ya ɓoye. Ƙarfe mai laushin hali ne. Idan ya sha duka sai ya lotsa. Gefen rim ya ɗan lanƙwashe, iska ta fara fita a hankali, direba ya ji sitiyari yana ja, ya gangara gefe. Alminiyam na zubi ba shi da wannan haƙuri. Yakan jure ƙaramin duka ba tare da ya nuna alama ba, amma idan dukan ya wuce iyakarsa sai ya tsage, ko wani yanki ya ɓalle. Tsagewar kuma sau da yawa a gefen ciki take, inda ido ba ya gani sai an cire ƙafar. Mutum yana iya yin makonni yana ƙara iska kowace safiya yana zargin taya, alhali kuwa tsaga ce take ƙara tsawo a ƙarƙashinsa, ga matarsa da 'ya'yansa a kujerar baya.

Sai batun gyara, wanda shi ne ya raba mu da ƙasashen da ake ƙera waɗannan kaya. Idan gefen rim ɗin ƙarfe ya lotsa a wani ƙauye tsakanin Funtuwa da Gusau, mai facin da ke ƙarƙashin bishiya zai ɗauko guduma ya miƙe shi, ya hura iska, ka kama hanya. Idan na alminiyam ne ya tsage a wurin nan, guduma sai dai ta ƙara masa tsaga. Waldarsa tana bukatar injin musamman da gwani na musamman, sai an shiga babban gari. Ko an samu gwanin ma, akwai sauran magana. Alminiyam yana narkewa a wajen digiri 660 na ma'aunin Salshiyas, ƙasa da rabin zafin da ƙarfe yake bukata, kuma zafin walda yana warware ƙwarin nan da aka gasa masa a ma'aikata. Wurin da aka yi wa walda yana iya yin kyau a ido, a goge shi a fesa masa fenti, amma kewayensa ya riga ya yi laushi. Wannan ne ya sa masu ƙera motoci da yawa suke cewa a canza tsagaggen rim ɗin alminiyam, kada a gyara shi. Ka tambayi kanka, a cikin tulin aloyi na hannu da ake jerawa a kasuwannin kayan gyara, nawa ne aka yi wa irin wannan kwaskwarima kafin su iso gabanka? Sabon fenti ba ya magana.

Bugu da ƙari, babban rim yana cin amanar taya. Lissafin mai sauƙi ne, kowane ɗalibi zai iya yin sa. Tayar da aka rubuta wa 185/65 R14, faɗinta milimita 185 ne, tsayin gefenta kuma kashi 65 cikin ɗari na faɗin, watau wajen milimita 120. Idan aka sa rim mai inci 17, tilas a rage gefen tayar domin ƙafar ta shiga mazauninta kuma agogon gudu ya ci gaba da faɗin gaskiya. Tayar da za ta yi daidai ita ce irin 205/40 R17, wadda gefenta milimita 82 ne kacal. An zubar da kusan sulusin matashin roba da iska da ke tsakanin bakin rami da rim. Dukan da tsohuwar tayar za ta shanye, yanzu kai tsaye zai wuce zuwa rim, daga nan zuwa boris da shokazoba da gaɓoɓin ƙafa, waɗanda a mota mai shekara ashirin da ma sun gaji. Ita kanta siririyar tayar ta fi saurin yin ƙulu a gefe, ta kuma fi wuyar samu idan ka bar manyan birane. Mutum ya biya kuɗi domin ya sayo wa kansa ziyarar bakanike.

Akwai kuma sha'anin dacewa, wanda mutane da yawa suke ɗauka wasa. Ba kowane rim mai huda huɗu ba ne yake shiga kowace mota mai noti huɗu. Ana auna da'irar da hudojin suke kai: a Peugeot 504 milimita 140 ce, a 406 milimita 108, a yawancin Golf 3 da tsofaffin Corolla milimita 100. Ko inda wannan ya yi daidai, ramin tsakiya yana iya saɓawa; na Golf milimita 57.1 ne, na Corolla kuwa 54.1. Idan ramin ya fi cibiyar motar faɗi, kuma ba a sa zoben da zai cike giɓin ba, ƙafar tana iya zama a karkace ta riƙa kaɗa sitiyari. Akwai kuma zurfin rim, wanda ake rubutawa da haruffan ET da lamba a bayansa. Idan ya saɓa da yawa, taya ta riƙa gogar jikin mota ko ta ɗora wa boris nauyin da ba a yi shi dominsa ba. Noti ma iri-iri ne: wani bakinsa mai tsini ne, wani mai zagaye, wani shafaffe ne da wasa, kuma saboda kaurin alminiyam sau da yawa ana bukatar wanda ya fi tsawo. A ɗaure aloyi da notin da bai dace da mazauninsa ba, zai kama a ranar, ya riƙa sassautawa a hankali. Abin baƙin ciki, mun ga inda aka ɗauko zarto aka faɗaɗa huda domin rim ya shiga da ƙarfi da yaji. Wannan wasa da rai ne, kuma ba ran mai motar kaɗai ba, har da na mai babur da mai tallan da ke bakin titi ranar da ƙafar ta fice.

Mu dubi aljihu kuma. A shekarar 2024 aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a Nijeriya a kan naira 70,000 a wata, kuma duk wanda ya fara aiki ya san yadda haya da abinci da taimakon iyaye suke cinye abin da ya ɗara haka. Kuɗin da zai sayi rim huɗu da tayoyin da za su dace da su yana da wuraren zuwa da suka fi cancanta. Na farko tayar kanta. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu da suke nuna mako da shekarar da aka yi ta. 2318, alal misali, tana nufin mako na 23 na shekarar 2018. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, zafin ƙasarmu kuwa yana gaggauta tsufanta, shi ya sa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi a kan tayoyin da suka tsufa. Bayan taya sai birki, sai shokazoba, sai fitilu. Sau nawa muka ga mota tana walƙiya da aloyi, amma an naɗa masa tayar da ta suɗe kamar tafin hannu? Wannan shi ne a sa babbar riga a kan yunwa. Kada mu manta kuma, ɓarawo ba ya kwana yana kwance baƙin rim. Mai ƙyalli yake bi, ya bar maka mota a kan bulo.

Domin adalci, shi ma rim ɗin ƙarfe yana da nasa sharuɗɗa. Yana tsatsa, musamman wanda ya zo daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin sanyi, ko wanda ya daɗe a bakin teku. Tsatsar da ta ci wurin da bakin taya yake zama tana sa iska ta riƙa zurarewa, don haka a kankare shi a shafa masa fenti. Miƙewa da guduma ta halatta ne ga ɗan lotsawar gefe kawai. Idan faifan tsakiya ya karkace, ko hudojin noti sun yi faɗi, ko walda ta buɗe, a jefar da shi a nemi wani, da ma ba shi da tsada. Kuma duk wanda aka miƙe, a kai shi a yi masa balansin da zarar an shiga gari. Wanda baƙin ƙarfe yake ɓata wa rai, marfin roba da ake kifawa a kai ya ishe shi ado.

Haka nan ba mu ce wanda motarsa ta zo da aloyi daga ma'aikata ya cire ya zubar ba. Injiniyoyin da suka ƙera motar sun auna shi da ita, girmansa da zurfinsa da notinsa duk nata ne. Ya riƙe shi, ya riƙa sa a cire ƙafa a duba ciki bayan kowane mugun rami. Wanda kuma ya ji duk bayaninmu ya ce shi dai sai aloyi, to kuɗinsa ne, amma ya tsaya a girman da motar ta zo da shi, ya nemi na ainihin irin motarsa maimakon na kwaikwayo, ya wanke shi ya duba bayansa da fitila don neman tabon walda, ya sayi notin da ya dace, ya sake ɗaure su bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100. Sifiyarsa kuwa ya bar ta ta ƙarfe, ya kuma tabbata notin da yake da su za su kama ta.

Akwai darasi a tarihin 504 da ya kamata 'yan boko irinmu su riƙa tunawa. An fito da ita a Faransa a 1968, aka fara harhaɗa ta a Kaduna a 1975, aka kuma ci gaba da yin ta a nan kimanin shekara ashirin bayan Faransa ta daina. A zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, 1976 zuwa 1979, ita ce motar manyan jami'an gwamnati. Da ita aka kai malamai ƙauyuka, aka kai masu naƙuda asibiti, aka yi jigilar fasinja daga Kano zuwa Maiduguri shekara da shekaru, kuma a kan baƙin rim da taya mai tsayin gefe ta yi wannan aiki duka. Har yau, ka shiga kowace tasha ka dubi ƙafafun bas-bas da a-kori-kura, waɗanda masu su da mota suke ci da iyali. Galibinsu ƙarfe za ka gani. Waɗannan mutane ba su karanta kimiyyar ƙarafa ba, amma hanya ta koya musu abin da littafi yake faɗa.

Mu kuwa da al'umma ta kashe dukiyarta ta ilmantar, abin kunya ne a ce farkon abin da za mu nuna mata shi ne mun iya cin bashi domin ƙyalli. Ma'aikacin da ya saba tun yana matakin farko da sayen abin da ya fi ƙarfin albashinsa don kada abokai su raina shi, ina zai samo cikon idan ya hau kujerar da ake ajiye kuɗin jama'a? Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, in ji magabata, kuma daga ƙananan abubuwa irin wannan yake fara buɗe ƙofa. Ya 'yan'uwa ɗalibai da sababbin ma'aikata, idan Allah ya hore muku tsohuwar mota, ku fara da taya da birki, ku bar mata ƙafafunta na ƙarfe, ku kai iyalinku gida lafiya. Allah ya kiyaye hanya, amin.